Idon Mujiya a Wuyan Dogo

Mara lafiyar yana kwance a gadon ɗakin sikanin, fuskarsa na kallon bango. An lulluɓe shi da koren ƙyalle daga kai zuwa ƙirji, sai ɗan wurin da aka bari a gefen wuya.

Auta ba ta dube shi ba. Aikinta yana kan teburi mai taya da ta turo daga sashen nazarin ƙwayoyin halitta: madubin likita, kwalaben rini, da 'yan siraran gilasan da suke kira silaid.

Likitan sikanin ya zare allura daga kaluluwar da ta kumbura, ya miƙo mata. Ta ɗiga abin da ya fito a kan gilashi, ta shafe shi, ta tsoma a rini, ta ɗora ƙarƙashin madubi. Dokar aikin ɗaya ce, ita ce ma Auta take koya wa sababbin likitoci. A gaban mara lafiya, magana biyu kawai mai madubi yake da ita: "ya isa" ko "bai isa ba". Wato abin da aka ɗebo zai wadatar a yi bincike, ko a sake saka allura. Sauran bayani sai Farfesar sashensu ta sa hannu.

Ta fara da ƙaramin idon madubin. Ƙananan ƙwayoyi birjik, irin na kowace kaluluwa. Can gefe ta hango wata ƙatuwa ita kaɗai. Ta murɗa zuwa babban ido, ya ce ƙas.

Ƙwaya ɗaya mai cibiya biyu, kowace da ɗigo a tsakiya, sun zuba mata ido. A sashensu idon mujiya suke ce mata. Inda aka gan ta, sankarar kaluluwa ake fara zato.

"Ya isa," ta ce.

"Kin murɗa babban ido."

Daga ƙarƙashin ƙyallen maganar ta fito.

Hannun Auta ya tsaya a kan madubin.

"Ke kika ce min ba kya murɗa shi sai kin ga abin da ba kya so," muryar ta ci gaba.

Ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta isa bakin gadon ba. Ta ɗaga ƙyallen.

Dogo ne. Malamin lissafin da ya shekara biyu yana jiranta a bakin ƙofar asibiti da tsohon babur ɗinsa. Wanda aka riga aka tsayar musu da ranar aure.

"Kun san juna?" in ji likitan sikanin.

"Shi zan aura."

Likitan ya dubi ma'aikaciyar jinya, ita kuma ta dubi ƙasa.

*

A barandar ɗakin ya zauna kan benci, filasta a wuyansa, dogayen ƙafafunsa sun tare hanya. Ita ta ƙi zama.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Tun kafin a sa rana... Na ɗauka zai baje."

"Da zufar dare? Da ramar da ka ce ta gyaran takardun jarrabawa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Mai Madubi, ban so ki gani ba. Wallahi na yi dabara. An ce min yau kina gabatar da bincikenki a sama, ba za ki sauko ba."

"Wa ya ce?"

"Siniyanku. Shi na samu a asirce, shi ya zaɓar min ranar."



Siniya shi ne babba a cikin likitoci masu neman ƙwarewa a sashen, shi yake raba aiki. Ɗan ƙawar Mama ne, mahaifiyar Auta. Ya nemi auren Auta tun tana shekarar farko, ta ce a'a, ya yi dariya ya ce babu komai. Da safen nan ya same ta da takardun bincikenta a hannu, ya ce an ɗage taron gabatar da binciken, ta taimaka ta riƙe masa teburin sikanin, yana da uzuri.

Ba ta gaya wa Dogo wannan ba.

"Me kika gani?" ya tambaya.

"Ya isa."

"Haba, zuciyata. Ni ne fa."

"Shi ya sa. Ko wani ne ba zan faɗa ba, balle kai."

"To kin faɗa ai," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Fuskarki ba ta iya dokar ba."

*

Farfesa, shugabar sashen, mace ce 'yar siririya mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ta saurari Auta ba ta katse ta ba. Sannan ta karɓi silaid ɗin, ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Daga yau babu ruwanki da wannan aikin. Ba za ki taɓa gilashin ba, ba za ki tambayi kowa ba."

"To, ranki ya daɗe."

"Abin da muka gani zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba. Sai an ciro kaluluwar gaba ɗaya an yanka an duba. Kin sani."

"Na sani."

"Wa ya gan shi bayan ke?"

"Babu kowa."

"To ni ce ta biyu. Siniya zai zama na uku, shi zai shirya sauran rinin." Ta cire tabarau. "Banɗakin ƙarshen baranda babu mai shiga. Can muke kuka tun muna ɗalibai. In kin gama, akwai tiren silaid na gwajin bakin mahaifa yana jiranki."

Auta ta buɗe baki za ta yi maganar Siniya, ta fasa. Ba ta da hujja sai zato, ita kuma sana'arta ta hana ta yanke hukunci da zato.

*

Ba a yi mako ba Mama ta kira ta ɗaki. Ta kashe rediyo, abin da ba ta yi sai magana ta yi girma.

"Zauna, Auta."

Ta zauna a bakin gado.

"Yaron nan ba shi da lafiya, kika rufe ni."

"Mama, ba a gama bincike ba."

"Sankara ce."

"Ba a tabbatar ba."

"Kada ki yi min likitanci a ɗakina. Ba ke kika ga idon mujiyar da idonki ba?"

Auta ta ɗago a hankali.

"Me kika ce, Mama?"

"Kin ji ni."

Wannan suna ba ya cikin kowane sakamako. Ba a faɗa wa mara lafiya shi. Dogo bai san shi ba. Magana ce ta bakin madubi, kuma mutum uku ne kaɗai suka leƙa wannan gilashi.

"Siniya ya zo gidan nan?"

"Ya zo gaishe ni. Laifi ne? Yaro mai hankali, har hawaye ya yi. Ya ce maganin da za a ba shi yana kashe haihuwa. Ya ce ko an yi, abin yana dawowa." Mama ta gyara zama. "Ni na yi jinyar mahaifinki, ke kina makaranta ba ki ga komai ba. Ni na ɗaga shi, ni na juya shi, ni na wanke shi. Amma ni na ci zamani da shi kafin nan, na haife ku. Ke fa? Daga ɗakin amarya sai bakin gadon asibiti?"

"Ina son sa, Mama."

"Ni ma ina son mahaifinki. So bai taɓa ɗaga min shi daga gado ba."



"Na riga na kira yaron," in ji Mama. "Ya fahimta. Ya fi ki hankali."

*

A cikin aji ta sami Dogo a makarantarsu bayan an tashi. Yana share allo, sabon ɗinki a wuyansa inda aka ciro kaluluwar.

"Na janye," ya ce, bai juyo ba.

"Da izinin wa?"

"Mama tana da gaskiya."

"Juyo ka faɗa min a ido."

Ya juyo. Alli ya yi masa fari a hannu har gwiwa.

"Kin san lissafi sana'ata ce. Na zauna na yi. Ke kina da shekaru a gaba, aiki, 'ya'ya. Ni abin da nake da shi wataƙila ne."

"Lissafinka na banza ne, don da alƙaluman Siniya ka yi shi."

"Me ya kawo Siniya?"

Ta gaya masa. Taron da ba a ɗage ba, don daga baya ta ji an yi shi, an kira sunanta ba ta nan. Teburin da ya roƙe ta ta riƙe. Gaisuwar da ya kai wa Mama.

Dogo ya zauna kan bencin ɗalibai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Ni na kai masa kaina," ya ce. "Har godiya na yi masa."

"Ka yi."

"Amma ko shi maƙaryaci ne, abin da ke wuyana ba ƙarya ba ne."

"A'a. Ba ƙarya ba ne."

Wannan ne karo na farko da ta amsa masa maganar ciwon. Ya dube ta, ta dube shi. Ba wanda ya yi kuka.

"Ɗan Dogona," ta ce, "ba a janye min aure a gaban allo. In za ka gudu, ka bari sakamako ya fito, ka ji shi daga bakin Farfesa, sannan ka gudu in ga tsawon ƙafar."

*

Washegari Auta ta shiga ofishin Farfesa ta faɗi abin da Mama ta ce, kalma da kalma. Farfesa ta aika a kira Siniya. Ya shigo da farar riga a goge, da fara'arsa.

"Ka je gidan su Dakta Auta?"

"Gaisuwa na kai, ranki ya daɗe. Mahaifiyarta ƙawar mahaifiyata ce."

"Ka yi maganar mara lafiyarmu?"

"Ko kusa."

"To a ina dattijuwar ta koyi idon mujiya? Ta yi karatu a nan ban sani ba?"

Fara'ar ta ɗauke.

"Wataƙila Dakta ce ta..."

"Dakta ko wanda za ta aura ba ta gaya wa ba, yana roƙonta da filasta a wuya. Likitan sikanin ya ji su." Farfesa ta jawo kujera ta zauna. "Kai ka sa wa mutumin rana. Kai ka ce mata an ɗage taro, ni kuma ina zaune a taron ina jiranta. Ka tura ta ta ga abin da ido, ka bi ta baya ka kai gida."

Siniya ya juya wajen Auta. "Don ke na yi. Da ya ɓoye miki har a ɗaura. Wani ya gaya miki gaskiya in ba ni ba?"

"Da ka kira ni gefe ka ce, mutuminki yana da kumburi a wuya, da na gode maka har in mutu," in ji Auta. "Kai so ka yi in gani a madubi."

"Ajiye makullin ɗakin silaid a nan," Farfesa ta ce masa. "Sauran bayani ka yi wa kwamitin ladabtarwa. Mutum ya ba ka sirrin jikinsa, ka tafi neman aure da shi."

Ya ajiye makullin. Sai da ya faɗi ƙasa ya sake ɗauka.

*

Sakamakon ya tabbatar da zaton. Sankarar kaluluwa ce, ba ta yi nisa ba.

Dogo ya roƙi abu ɗaya: yana so ya ga abin da idonsa. Ya kuma ce in Mama za ta yarda ta zo, ya amince a nuna mata. Farfesa ta ce jikinsa ne.

Mama ta ce ba za ta ba. Da safe Auta ta fito ta tarar da ita a tsakar gida da mayafi da jaka.

"Asibitin zan je a auna min hawan jini," ta ce. "In hanya ta biya, ta biya."

A ɗakin koyarwa akwai madubi mai kawuna da yawa, wanda malami da ɗalibai suke zagayewa su kalli gilashi ɗaya a lokaci guda. Farfesa ta zauna a gaban na tsakiya. Dogo ya durƙusa ya gaida Mama, ta amsa a taƙaice, ta zauna nesa da shi.

"Hajiya, ki sa ido a nan. Kada ki rufe ɗaya."

"Ba na ganin komai sai gashin idona."

"Ki ɗan ja baya kaɗan. Yawwa. Kin ga wata 'yar kibiya mai haske?"

"Na gan ta."

"Bi ta."

Kibiyar ta ratsa cikin ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa, ta tsaya.

Mama ta ja numfashi. "Innalillahi... Kallona take yi."

Dogo ma ya sa ido ya gan ta. Ya riƙe gefen teburin da hannu biyu.

"Wannan ɗan abin ne?" in ji Mama. "Shi ne duk tashin hankalin?"

"Shi ne. Zan gaya miki yadda nake gaya wa kowa, ba ƙari ba ragi. A irin wannan nau'in, a wannan matakin, mafi yawan masu shi suna warkewa sarai. Ba duka ba. Maganin yana da wuya, zai rame, gashi zai zube. Haihuwa tana iya taɓuwa, tana iya dawowa, kuma akwai tanadin da likitocinsa za su yi kafin a fara. Alkawari kuwa ba ni da shi. Mai alkawari a wannan aikin maƙaryaci ne."

Mama ta ɗago daga madubin. Ba Farfesa ta kalla ba, Dogo ta kalla.

"Kai. Ranar da aka saka maka allurar nan, wa ya raka ka?"

"Ni kaɗai na zo, Mama."

"Mahaifiyarka ta sani?"

"A lokacin ba ta sani ba."

"'Yan uwanka?"

Ya girgiza kai.

"Haka mahaifin yarinyar nan ya yi min." Muryar Mama ta sauka. "Yana zuwa asibiti a ɓoye, yana ce min kasuwa ya tafi. Sai da ya faɗi a ƙofar gida na sani, a lokacin likita ya ce an makara. Wai ba ya son ya tayar min da hankali."

Auta ta juyo da sauri. Ba ta taɓa jin wannan ba.

"Na ce wa 'yata ciwon nake gudu," Mama ta ci gaba. "Yanzu na gan shi, ko ƙwayar gero bai kai ba. Ba shi ne ya hana ni barci ba. Kai ne. Namijin da zai kwanta a lulluɓe shi, matar da zai aura tana hawa na sama, ya ce dabara ya yi."

Dogo ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Na yi kuskure, Mama."

"Da na ce ka janye ma, ko musu ba ka yi ba. To, Mama, to, Mama. Da gudun ka zo."

"Tsoro nake ji," ya ce. "Tun ranar da na shafa wuyana na ji shi, tsoro nake ji. Ban san yadda ake faɗa ba."

Farfesa ta kashe fitilar madubin.

"To ga shi ka faɗa, bakinka bai tsage ba," in ji Mama. Ta jawo jakarta. "Ka saurare ni. Daga yau ba ka taka asibitin nan kai kaɗai. Ko ita, ko mahaifiyarka, ko ni. Abin da likita ya ce da safe, kafin azahar na ji shi. Ranar da na kama ka da ɓoyo, ko da 'ya'ya goma a tsakaninku, zan zo in ɗauki 'yata."

"Na yarda."

"Mama..." in ji Auta. "Ranar fa?"

"Wa ya ce an taɓa ta? Tashi ki kai ni a auna min jinin, ya hau da gaske yanzu."

*

An ɗaura auren Dogo yana tsakiyar magani. Likitansa ya zaɓi makon da jikinsa ya fi ƙarfi, ya hana shi musabaha da jama'a, don haka ya wuni yana dafa ƙirji. Farfesa ta zo da tabarau ɗaya. Kwamiti ya dakatar da Siniya, mahaifiyarsa ta daina gaisawa da Mama, Mama ta ce ta rage mata kuɗin waya.

Da yamma, kafin a ɗauki hoto, aka nemi ango aka rasa. Auta ta same shi a ɗakin Mama, zaune kan kujerar roba. Gashin kansa ya zube tas, har da gira. Hular da aka ɗinka masa tun yana da suma ta zurma ta rufe kunnuwansa.

"Kada ki yi dariya," ya ce.

Ta yi.

Mama ta cire hular, ta auna kansa da tafin hannu, ta zare allura da zare daga gefen labule. Ta naɗe bayan hular ta shiga ɗinki, mai hoto yana ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ya jira," ta ce. Ta ciji zaren, ta ɗora masa hular, ta danna. Ta zauna daram.

"Na gode, Mama."

"Ban ƙulle ɗinkin da ƙarfi ba. In gashin ya dawo, ka kawo min in warware."